Kariya a tsakar gida: yadda ake renonta ba ta ruɓe ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Katsina nake zaune, kuma ruwanmu na saye ne wajen 'yan garuwa. Duk furen da na saya a bakin titi, da bazara ta kama sai ya ƙone. Bara maƙwabciyata ta ba ni kariya a tukunya, ta ce ita ba ta mutuwa. Na dinga ba ta ruwa safe da yamma, amma kafin damina ta wuce gindinta ya yi laushi, ta ruɓe. Shin akwai furen ƙasarmu da ke jure rashin ruwa, kuma yaya ake renonsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Furen da kike nema ai shi ne wanda aka ba ki, kuma maƙwabciyarki ba ta yaudare ki ba. Ruwan safe da yamman nan ne ya kashe kariyar. Na san maganar za ta yi nauyi ga wadda ke cire kuɗi tana sayen jarka, amma gara ki ji ta tun yanzu, domin da ita komai zai zo da sauƙi. A ƙasar Hausa watan da ya fi kashe kariya shi ne Agusta. Afrilu, da zafinsa da ke haura digiri 40, ko a jikinta.

Kariya 'yar ƙasa ce. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kuma tana fitowa da kanta a daji tun daga Senegal, ta ratsa Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta kuma ƙetara zuwa Yaman. Danginta ɗaya da tumfafiya da kwankwani. Idan kika lura da inda take tsirowa a daji, ba za ki same ta a fadama ba. Wurinta shi ne gefen dutse, kan marmara, ko jigawar da ruwa ba ya kwana. Ruwan sama ya sauka, ya jiƙa saiwarta, kafin a jima ya tsiyaye. Abin da ta samu a wannan ɗan lokacin sai ta adana shi a kumburarren gindin nan nata. Gindin shi ne randarta, daga ciki take sha wata da watanni bayan an ɗauke ruwa. Shi ya sa za ki gan ta tsakiyar rani, ganye duk ya zube, rassa tsirara, amma ga fure ruwan hoda a kan kowane reshe alhali ko ciyawa babu a kewayenta.

To tsiron da ya saba da haka, idan aka sa shi a ƙasar da ke riƙe ruwa, ana ƙara masa safe da yamma, ga kuma ruwan Agusta a kai, saiwar ba ta samun iska. Ƙananan saiwoyi su fara mutuwa, ƙwayoyin cutar ruɓa su samu ƙofa, su bi ta ciki su hau gindi. Abin haushin shi ne daga waje ba a ganin komai sai aiki ya yi nisa. Ganye ya fara rawaya, mai gida ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara ruwa. Haka akasarin kariyar da ke mutuwa a gidaje take mutuwa.

Saboda haka mu fara daga ƙasa, don a nan ake cin nasara ko a faɗi. Idan a tukunya za ki dasa, ki haɗa yashi mai kaushi, irin wanda magina ke kwaɓa siminti da shi, kashi biyu. Ki ƙara kashi ɗaya na tsakuwa ƙanana da farfasasshen gawayi, sai kashi ɗaya na ƙasar gona haɗe da takin shanu da ya ruɓe sarai, wanda ya koma baƙi, ba ya wari. Kada ki yi amfani da lallausan rairayin da iska ke tarawa a jikin katanga, domin idan ya jiƙe daskarewa yake yi ya toshe iska. Baƙar ƙasar da masu furanni ke cika leda da ita, mai laka, ita ma ki bar musu. Akwai gwajin da ba ya buƙatar komai: ki cika tukunyar, ki kwarara mata ruwa kofi biyu, ki tsaya ki gani. In ruwan ya nitse nan take ya fara ɗiga ta ƙasa, haɗin ya yi. In ya tsaya a sama yana ƙyalli har kika gaji da jira, ki juye ki ƙara yashi da gawayi.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, nesa ba kusa ba. Jikinta yana fitar da danshi, kuma ba ta gasa saiwa da rana kamar baƙar roba. Ko tsohuwar tukunyar da ta tsage aka daina zuba ruwa a ciki ta isa. Ki huda ƙasanta, huda mai faɗin da babban yatsa zai shiga, har biyu ko uku. Kada ki ɗora ta a kan faranti, ki ɗora ta a kan bulo biyu yadda ruwa zai sauka ya tafi abinsa. Sannan kada ki zaɓi ƙatuwar tukunya don ƙaramin tsiro. Yawan ƙasa yana nufin yawan danshin da saiwar ba za ta iya shanyewa ba. In akwai tazarar yatsu uku tsakanin gindin da bakin tukunya, ya wadatar.

Idan kuwa a ƙasa kike so, ki zagaya gidan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ki ga inda ya fara bushewa. Nan ne wurinta. Ki guji ƙarƙashin indararo, da bakin kwata, da wurin wanke-wanke. Ki tara tudu mai tsawon kamar taƙi ɗaya da irin haɗin da na faɗa, ki dasa a kansa. Mutanen Katsina da Daura da Maraɗi da Damagaram ƙasarsu ta riga ta taimake su, don yawancinta jigawa ce, kuma ruwan shekara a Katsina bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Wanda ke Kaduna ko Abuja, inda ruwan shekara ke haura milimita 1,000, shi tukunya ta fi masa, domin zai iya janye ta ƙarƙashin rumfa idan aka shiga marka.

Rana kuwa, ki ba ta duk abin da ya samu. Aƙalla awa shida a yini. Kariyar da aka ajiye a inuwar darbejiya ko a cikin falo za ta yi dogayen rassa sirara, ganye kore shar, fure kuwa sai dai a ji labari. Abu ɗaya ne zan ja hankalinki a kai: wadda aka saya daga rumfar masu furanni ta saba da inuwa, idan kika fitar da ita tsakiyar rana kai tsaye gindinta zai iya ƙonewa. Ki fara mata da ranar safe kamar mako guda, sannan ki matsar da ita fili.

Yanzu batun ruwa. Ba a yi wa kariya jadawali, yatsa ake sawa. Ki tura yatsanki cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyin danshi, ki ƙyale ta. In ta bushe ƙarau, ki zuba mata sosai har ya fito ta ƙasa, sannan ki manta da ita sai ta sake bushewa. Ɗan yayyafin kullum da ake yi wa furanni shi ne mafi muni, don saman ƙasa ba ya bushewa, saiwar ƙasa kuma ba ta ƙoshi. Da bazara, wadda ke tukunya za ta iya neman ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, domin lokacin take aiki kuma ƙasa na saurin bushewa. Da damina ba ruwanki da ita, sama ta ɗauke miki. Da hunturu ne ake kuskure na biyu. Idan dare ya yi sanyi, kariya tana rage aiki, ta zubar da ganye, ta daina sha. Ruwan da aka zuba mata a Disamba da Janairu zama yake yi a tukunya, ga sanyi, sai ruɓa. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, kuma da hantsi, ba da yamma ba. A Jos, inda sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 10, gara a jingina ta da bangon da rana ke duka, a kuma ɗauke mata ruwa kusan gaba ɗaya har sanyi ya wuce. Wadda ke ƙasa kuwa, in ta shekara ta kama, ko ba a sake ba ta ruwa ba za ta rayu.

Tunda ruwanki na saye ne, ragowar ruwan alwala ya ishe ta, haka ma ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye. Ruwan wanki mai omo da na wanke-wanke mai maiƙo kada su kusance ta, gishirin da ke ciki taruwa yake yi a tukunya yana ƙone saiwa.

Yaya za ki samu wata? Hanya biyu ce, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce reshe. Ki koma wajen maƙwabciyar nan ki roƙi reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon taƙi ɗaya ko fiye, wanda ya ƙosa, ba ɗanyen toho ba. A yanke shi da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen, a barbaɗa toka ko garin gawayi a bakin yankan, a ajiye shi a inuwa kwana biyar zuwa mako guda har bakin ya bushe ya yi ɓawo. Wannan jiran shi ne sirrin, kuma shi mutane ba sa iya yi. Daga nan a kafa shi a busasshen haɗi, zurfin gaɓar yatsa biyu zuwa uku, a tokare shi da ƙaramin dutse kada iska ta motsa shi, a bari sai bayan wasu kwanaki a fara ba shi ruwa kaɗan. Cikin wata guda zuwa biyu zai yi saiwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Maris zuwa Mayu. Reshen da aka kafa cikin marka, sai dai a yi masa addu'a. Amfanin reshe shi ne yana saurin fure, kuma furensa irin na uwar ne sak. Inda ya gaza shi ne ba ya yin ƙaton gindin nan da wuri, sai an yi shekaru, kuma yawancin kumburin a ƙarƙashin ƙasa yake.

Hanya ta biyu ita ce iri, kuma ni ita na fi so. Wanda ya tsiro daga iri tun yana ɗan yatsa za ki ga ya fara tumbi. Kwanson kariya biyu-biyu yake fitowa, dogaye, masu siffar ƙaho, kuma yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya nuna. Idan ya nuna tsagewa yake yi, kuma kowane iri yana da tuntun gashi a kai da ƙafa, da iska ta kaɗa sun tafi. Don haka da kin ga kwanson ya fara sauya launi, ki naɗe shi da zare sakwa-sakwa ko ki ɗaure masa tsohon gidan sauro. Irin kansa siriri ne, bai fi santimita ɗaya da ɗan wani abu ba, ruwan ƙasa. Ki tsinke gashin, ki kwantar da irin a kwance a kan jiƙaƙƙen yashi, ki rufe shi da yashi kaɗan yadda da ƙyar zai ɓuya. A nan ne kawai dokar ruwa ke sauyawa: jarirai suna son danshi kullum, da inuwa mai haske, har su yi ganye huɗu zuwa shida. Idan akwai zafi, cikin mako guda za su tsiro. Sai dai irin kariya ba ya ajiyuwa. Wanda ya daɗe a leda yawancinsa ba ya fitowa, saboda haka a shuka shi sabo. Da kulawa mai kyau wasu kan yi fure a shekara ta farko ko ta biyu. In kuma kin ga kariyarki tana fure ba ta kwanso, ba ciwo ba ne. Sau da yawa sai akwai wata kariyar daban a kusa, ƙwari suna kai-kawo tsakaninsu, sannan take ɗauka.

Akwai hanya ta uku da ba na so: a shiga daji da diga a tono tsohuwa a kawo gida. Kariyar da gindinta ya kai girman turmi ta yi shekaru masu yawa tana tara shi, kuma yawanci wajen tono ake sassare manyan saiwoyin, ta zo gida ta ruɓe ta wurin saran. An yi asarar ta daji, ba a samu ta gida ba. Reshe ɗaya daga jikinta ya isa, ita kuma ta ci gaba da zamanta.

Za ki kuma ga wasu a wajen masu furanni, ja wur, ko fari, ko mai ganyen fure ninki-ninki, da tsada. Akasarinsu daga wannan jinsin aka fitar da su, a ƙasashe irin su Tailan da Taiwan inda aka mayar da renon kariya babbar sana'a. Masu aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro: ki duba sama da gindin za ki ga tabon inda aka haɗa. Suna da kyau, ba na musu. Amma in wani reshe ya fito daga ƙasan tabon, na asalin gindin ne, in ba a cire shi ba zai rinjayi na saman. Kuma irin da aka samu daga jikinsu ba lallai ya ba da fure irin nasu ba. Ga mai koyo, ta gida mai ganyen fure biyar, ruwan hoda da ja-ja a baki, ta fi haƙuri kuma ba ta cin kuɗi.

Taki kaɗan take so. A farkon damina ki barbaɗa ruɓaɓɓen takin shanu tafi ɗaya a gefen tukunya, ko rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15 nesa da gindi. Yuriya kada ki sa, ganye zai yi yawa, rassa su yi laushi, fure ya ragu. Da sanyi ba a ba ta komai.

Idan rassan sun yi tsawo sun zama sanda, a rage su. Fure a kan sabon toho yake fitowa, kuma duk reshen da aka yanke yakan fito da biyu ko uku a madadinsa. A yi yankan da bazara bayan furen ya ragu, yadda rana za ta busar da ciwon kafin ruwa ya sauka, a ɗan karkata wuƙar don kada ruwa ya zauna a kai. Duk shekara biyu kuma, idan za a sauya tukunya, a ɗaga gindin sama da yadda yake da kamar yatsa biyu. Hakan ke fito da murɗaɗɗun saiwoyin nan masu ban sha'awa, yana kuma nisanta wuyan tsiron daga danshi. Bayan sauyin a jira kamar mako guda kafin a ba ta ruwa.

Da kin yi tambayar nan tun bara, da wataƙila an ceci waccan. Ki riƙa matsa gindin da yatsa lokaci-lokaci, musamman da damina. Mai lafiya tauri gare shi. Mai ƙishi yakan ɗan yamutse, ya ɗan saki ko'ina daidai, amma launinsa bai sauya ba, kuma da an ba shi ruwa cikin 'yan kwanaki zai koma. Mai ruɓa kuwa wuri ɗaya yake farawa, yatsa ya nitse, fatar ta yi duhu, wani lokaci har da wari. In kin ga haka, ki tumɓuke ta a ranar. Ki kakkaɓe ƙasar, ki sa wuƙa ki yanke duk inda ya yi ruwan ƙasa, ki ci gaba da yankewa har sai kin kai fari tas, ba ɗigo ko ɗaya. Kada ki ji tausayi, ɗan abin da aka bari shi ke dawowa. Ki riƙa goge wuƙar tsakanin yanka da yanka. Ki shafa toka, ko garin gawayi, ko garin farar wuta, ki rataye ta a inuwa mai iska mako ɗaya zuwa biyu, sannan ki dasa a sabon busasshen haɗi. In ruɓar ta cinye gindin gaba ɗaya, ki yanke rassan da suka tsira ki kafa su.

Ƙwarinta ba su da yawa. Akwai 'yan ƙananan rawaya masu cincirindo a kan toho da hudar fure, irin waɗanda ake gani a jikin tumfafiya, da wasu farare masu gashi-gashi da ke ɓuya a hammatar ganye. Ruwan sabulu kaɗan, ko ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, a fesa da yamma, yana maganinsu. Da damina kuma wata ƙatuwar koriyar tsutsa kan zo ta cinye ganye cikin kwana biyu. Ita a tsince ta da hannu kawai, ganyen zai dawo.

Saura magana mai muhimmanci, musamman idan gida ne mai yara. Kariya tana da dafi, tun daga saiwa har fure. Ruwan jikinta yana ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, kuma a sassa da dama na Afirka maharba sun daɗe suna dafa shi su shafa wa kibiya, kamar yadda namu ke yi da kwankwani, wasu kuma su kashe kifi da shi. Taɓa ta ba ya komai. Haɗarin yana ga shiga baki, ko ido, ko ciwon da ke buɗe. Idan za ki yi yanka, ki sa leda ko safar hannu, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama, kuma wuƙar kada ta koma kicin sai an wanke ta sosai. Rassan da aka yanke kada a zubar inda awaki ke kiwo, duk da ɗacinta kan sa dabbobi su kauce mata, kada kuma a sa su a murhu. Ki ɗora tukunyar inda mai rarrafe ba zai kai ba, manyan yaran kuma a gaya musu ba a wasan girki da furenta. Za ki ji masu cewa ana shan saiwarta ko ɓawonta don magani. Kada ki gwada, kada ki bari a gwada a gidanki, domin tazarar da ke tsakanin abin da ake kira magani da abin da zai tsayar da zuciya ƙanƙanuwa ce, kuma ba a auna ta da ido. In yaro ya tauna, ko da bai nuna komai ba, a tafi asibiti da shi nan take, a riƙe reshen a nuna wa likita. In ruwan ya shiga ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na tsawon lokaci kafin a tafi.

In kina son abokan zama gare ta daga cikin 'yan ƙasa, ki nemi albasar kwaɗi, wadda ke kwance a ƙasa duk rani ta fito da farin fure mai ratsin ja da ruwan farko. Sai dai ita ta fi kariya son danshi, don haka kowacce da tukunyarta. Ki fara da reshe biyu daga wajen maƙwabciyarki idan Maris ya kama, ɗaya a tukunya ɗaya a tudu, ki ga wanda gidanki ya fi karɓa. Allah ya ba da sa'a.